Allurar Aro: Tarihin Makamin da Ke Bayan Amosanin Ido

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dutse, Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu ya san irin tsohuwar nan da ba ta rabuwa da matsefata. Ba ƙaya take cirewa da ita ba. Gashin idonta ne ya juya ciki, yana gogar ƙwayar idon a duk ƙiftawa. Sai ta sa jika ya tsige mata, ta sami sauƙin kwana biyu, gashin ya sake tsirowa. In aka bar abin haka, baƙin idon ya dushe, fari ya rufe shi, daga nan sai sanda da ɗan jagora. Wannan shi ne ƙarshen amosanin ido, cutar da ta fi kowace cuta mai yaɗuwa makantar da mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.9 ne ta makantar ko ta raunana wa gani, kuma mata sun fi maza shan wahalarta nesa ba kusa ba, domin su ne kullum rungume da yara masu kwantsa.

Mun saba ba da labarin wannan cuta daga ɓangarenmu: ƙuda, ƙarancin ruwa, talauci. Duk gaskiya ne. Amma ita ma ƙwayar da ke haddasa ta tana da nata tarihin, kuma ya fi namu tsawo. Jikin mutum gini ne na ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel, mu kuma za mu kira su ɗakunan halitta. Ƙwayar amosanin ido ba ta iya hayayyafa sai a cikin waɗannan ɗakuna, kuma da wata 'yar allura take buɗe su. Daga ina ta samo allurar? Amsar ta shafi idon tsohuwar nan, ta shafi tabon rigakafin da ke dantsenmu, ta shafi har waken da muke shukawa a tsakanin gero.

Cutar da aka sani kafin a san mai ita

Wani tsohon kundin magani na Masar, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci juyawar gashin ido da yadda ake tsige shi. Likitocin Bagadaza sun san cutar da sunan ƙazuwar ido. Hunainu ɗan Ishaƙ ya yi bayaninta a ƙarni na 9, Aliyu ɗan Isa ya ƙara zurfafawa a farkon ƙarni na 11. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu kan maganin ciwon ido. Turai ta ɗanɗana kuɗarta bayan yaƙin Napoliyon a Masar daga 1798 zuwa 1801, sa'ad da sojojin Faransa da na Ingila suka koma gida da ciwon ido suka baza shi a barikoki. A nan kusa da mu, asibitin ido na Mishan da aka buɗe a Kano a 1943 ya zama wurin da mutanen gabashin Kano, wato Jigawar yau, suke dosa idan ido ya gagari maganin gida.

Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ga mai laifin. Sai a 1907, a tsibirin Jawa na Indunusiya, wasu masana biyu, Ludwig Halberstaedter da Stanislaus von Prowazek, suka kankaro cikin fatar idon masu cutar suka shafa wa birrai, sa'an nan suka duba a madubin ƙara girma. Abin da suka gani shi ne wasu 'yan ɗigo-ɗigo cunkushe a cikin ɗakunan halitta, kamar an lulluɓe su da mayafi. Daga kalmar Girkanci mai nufin mayafi suka raɗa musu suna, shi ne asalin sunan Kilamidiya da ake kiran ƙwayar da shi har yau.

Gani daban, kamawa daban. Ƙwayar ta ƙi tsirowa a kan kowane irin abinci da ake renon bakteriya da shi. An kai 1955 kafin Tang Feifan, wani masani a birnin Beijin na ƙasar Sin, ya rene ta a cikin gwaiduwar ƙwan kaza mai ɗan tsako. Daga baya ya sa aka ɗiga masa ita a idonsa don ya tabbatar ita ce. A 1958 Leslie Collier da Josef Sowa suka maimaita aikin a Gambiya, da ƙwayar da suka samo daga idanun mutanen Afirka ta Yamma. Saboda ƙanƙantarta da dogaronta ga ɗakin wani, shekaru aka yi ana ɗaukarta bairos. Sai a shekarun 1960 aka daidaita cewa bakteriya ce, amma wadda ta koma zaman cin arziki.

Baƙon da ya zo da mabuɗinsa

Ɗakin halitta ba kango ba ne. Yana da katanga, yana da masu gadi, yana da wurin da yake narkar da duk baƙon abin da ya haɗiye. In ma abin ya fi ƙarfinsa, yakan kashe kansa don ya tsirar da maƙwabta. To yaya ƙwayar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba take tsallake duk wannan?

An fara gano bakin zaren ne daga wasu ƙwayoyin dabam. A farkon shekarun 1990 masu nazarin dangin ƙwayar annobar da ɓeraye ke yaɗawa suka lura tana fitar da wasu furotin ta wata hanya da ba a saba gani ba. Furotin su ne ma'aikatan kowace halitta, su ke gini, su ke rushewa, su ke isar da saƙo. Da yake an riga an san hanyoyi biyu da bakteriya ke fitar da su, sai aka kira wannan nau'i na uku. A 1998 Tomoko Kubori da Jorge Galan da abokan aikinsu a Amurka da Japan suka ɗauki hotonta a jikin Salmonela, dangin ƙwayar taifot. Ga ta nan kamar sirinjin asibiti: gindi kafe a jikin ƙwayar, da siririyar allura mai rami a tsakiya. Furotin iri-iri sama da ashirin ne ke haɗuwa su gina ta.

A wannan shekarar dai aka kammala karanta kundin gadon ƙwayar amosanin ido, wato DNA ɗinta. Haruffa miliyan ɗaya da 'yan kai ne, ɗauke da umarni kusan 900. Bakteriyar hanji da aka fi nazari tana da sama da 4,000. Kilamidiya ta zubar da yawancin kayan girkinta, domin a tukunyar mai gida take ci. Amma cikin ɗan abin da ta riƙe har da cikakken tsarin gina allurar nan.

Ga yadda take aiki da ita. Idan ƙuda ko yatsa ko gefen zani ya kai ta cikin fatar idon yaro, sai ta manne wa ɗakin halitta ta soka allurar, ta tura wani furotin da ke sa ɗakin ya miƙo katangarsa ya haɗiye ta da kansa. Da ta shiga, sai ta zauna cikin wata 'yar jaka, ta ci gaba da tura wasu furotin da ke jeruwa a jikin jakar. Waɗansu su karkato mata da kitsen da ɗakin ya tanada don kansa, waɗansu su hana a kai jakar wurin narkarwa, waɗansu su hana ɗakin kashe kansa. Cikin kwana biyu zuwa uku ta hayayyafa ta cika jakar, ta fashe ta fito, 'ya'yanta su nufi ɗakunan maƙwabta. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Maimaituwar kamuwa ce tun ƙuruciya, da kumburin da jiki ke yi yana faɗa da ita, ke barin tabo a cikin fatar ido. Tabon ya tsuke, ya janyo gashin ciki, shekara talatin ko arba'in bayan yarinyar ta manta da kwantsar.

Daga wutsiya zuwa allura

Da masana suka kwatanta sassan allurar da sauran kayan jikin bakteriya, sai suka ga abin mamaki. Bakteriya da yawa suna da wata wutsiya da suke juyawa kamar farfela su yi iyo da ita. Wutsiyar doguwa ce, kuma daga tsini take ƙaruwa, saboda haka dole ƙwayar ta riƙa tura tubalan ginin ta cikin ramin wutsiyar har su kai ƙarshe. Ke nan a gindin kowace wutsiya akwai famfon tura furotin. Takwas zuwa tara daga manyan sassan allurar 'yan'uwan sassan wannan famfo ne, kamannin ya wuce a ce dace ne.

Wa ya haifi wani? An daɗe ana muhawara. A 2003 wasu masana suka kawo hujjar cewa su biyun kaka ɗaya suka haɗa, kowa ya kama gabansa. A 2012 Sophie Abby da Eduardo Rocha na Cibiyar Pasteur da ke Faris suka sa kwamfuta ta tace kundin gadon bakteriya sama da dubu, suka fito da bayanin da ya fi karɓuwa a yau: wutsiyar ce uwa. Wata tsohuwar bakteriya ta rasa injin juyawar da doguwar jelar, famfon ya saura. Daga baya zuriyarta suka aro zoben da ke huda katangar waje daga wasu na'urorin dabam, kuma ba sau ɗaya aka yi wannan aron ba. Bayan haka sai tsarin ya riƙa tsallakawa daga wannan dangin bakteriya zuwa wancan, domin su suna miƙa wa juna guntayen DNA ko da ba su haɗa jini ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙera a kasuwar Shuwarin ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sifirin tsohuwar mota ya zama adda, tsohon tif ya zama guga, taya ta zama takalmi. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ma sana'armu ke nan: da wuya ka ga wanda ya fara daga farar takarda, sai dai a ɗauko abin da wani ya rubuta don wata buƙata, a datse, a liƙa, a sa shi sabon aiki. Kuma mun san cewa tsohon sashen da ya tsira daga kowane gyara, shi ne wanda in an taɓa shi komai ke rushewa. A wurin Kilamidiya, allurar ce wannan sashe.

Ba don mu aka tanade ta ba

A 2004 Matthias Horn da abokan aikinsa suka karanta kundin gadon wata 'yar'uwar Kilamidiya da ke zaune a cikin amiba. Amiba wata halitta ce mai ɗaki ɗaya tak, tana cikin ƙasa da ruwan kududdufi, abincinta kuwa bakteriya. Suka tarar ita ma wannan 'yar'uwa tana da allurar. Lissafinsu ya nuna cewa kakar da ta haɗa su ta rayu wajen shekara miliyan 700 da suka wuce, kuma tun lokacin tana zaune a cikin ɗakin wani da allurarta. A wancan zamani babu mutum, babu dabba mai ƙashin baya, babu ido ko ɗaya a doron ƙasa. Allurar ta fara ne a matsayin dabarar wanda aka haɗiye don kada a narkar da shi.

Wata cutar ta ƙara tabbatar da wannan. A 1976 wani ciwon huhu ya kwantar da tsofaffin sojoji da suka taru a wani otal a Filadelfiya ta Amurka. Aka gano ƙwayar, aka sa mata suna Lajiyonela, sa'an nan a 1980 Timothy Rowbotham ya nuna cewa asalin gidanta cikin amiba ne. Masu gadin huhunmu suna haɗiye baƙo kamar yadda amiba ke yi, saboda haka dabarar da ta ci wancan ta ci wannan. Ita tana amfani da wata na'urar ce, nau'i na huɗu, tana tura furotin wajen 300. Wannan ma aro ce: asalinta bututun da bakteriya ke miƙa wa juna DNA da shi, wanda Joshua Lederberg da Edward Tatum suka fara gano aikinsa a 1946. Ƙwayar bakkale, mai sa shanun makiyayanmu ɓari, da irin wannan bututu take fakewa a jikin saniya da na mai shan ɗanyen nononta.

Tabon da ke dantsenmu

Me zai faru idan ƙwaya ta rasa na'urarta? Yawancinmu muna ɗauke da amsar a saman dantsen hagu. A 1908, a birnin Lil na Faransa, Albert Calmette da Camille Guerin suka fara renon ƙwayar tarin fuka ta shanu a kan yankan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa. Duk mako uku su kwashe ta zuwa sabon yanka. Sun yi haka sau 230 cikin shekara 13, har da shekarun Yaƙin Duniya na Farko. A ƙarshe ƙwayar ta daina kwantar da dabbobin gwaji, kuma a 1921 aka fara ba wa jariri ita a Faris. Ita ce rigakafin BCG da ake yi wa jariranmu a asibitocin Dutse da Birnin Kudu da ɗakunan shan magani na karkara.

Su biyun sun rasu ba su san abin da ya karya lagon ƙwayar ba. Sai a 1996 aka gano cewa wani yanki na kundin gadonta, mai haruffa wajen 9,500, ya ɓace a kan dankalin nan. Bincike na farkon shekarun 2000 ya nuna yankin na ɗauke da umarnin wata na'urar tura furotin, wadda aka kira nau'i na bakwai, da ita ƙwayar tarin fuka ke fasa jakar da aka kulle ta a ciki. Da aka mayar wa BCG yankin a ɗakin gwaji, sai ƙarfinta ya fara dawowa. A kan dankali ba wanda zai haɗiye ta, don haka na'urar ta zama kaya mara amfani, ta yar da ita. Abin da ya rage shi ne ƙwayar da jiki zai iya yin atisaye da ita ba tare da ta kayar da shi ba.

Allurar da ke ciyar da gona

Kada mu ɗauka duk mai allura mugu ne. Tumɓuke gindin wake ko gyaɗa a kowace gona tsakanin Dutse da Gwaram, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwar. A cikinsu akwai bakteriya zaune a ɗakunan halittar shukar, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi taki, irin wanda muke saye a buhun yuriya. Masana a Jamus da Holan sun tabbatar da wannan a shekarun 1880, amma manomanmu sun riga su sanin cewa gonar da aka yi wake ba ta gajiya da wuri. A 1997 aka gano cewa wata daga cikin waɗannan bakteriya, wadda ke iya zama a saiwar wake, tana da allura nau'i na uku, irin ta ƙwayar taifot da ta amosanin ido. Tana tura furotin ne don ta lallashi masu gadin shukar. Wata shukar ta buɗe mata ƙofa, wata kuma ta gane furotin ɗin ta rufe.

Mutum ma ya shiga layin masu aro. Akwai wata bakteriyar ƙasa da ke tura guntun DNA ɗinta cikin shuka ta bututu nau'i na huɗu, abin da Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka tabbatar a 1977. Da wannan bututu aka saka wa wake umarnin kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, aka sami irin SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a Disambar 2019. Ko mutum yana goyon bayan irin wannan iri ko yana da ja a kansa, ya kyautu ya san cewa kayan aikin daga ƙasa aka tono shi.

Abin da tarihin ke gaya wa Jigawa

Jigawa na cikin jihohin da bincike ya tabbatar amosanin ido ya yi katutu a cikinsu. A 1998 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin kawar da makantar da yake jawowa, bisa matakai huɗu: tiyatar fatar ido ga wanda gashinsa ya juya, rabon maganin azitiromaisin ga gari gaba ɗaya, wanke fuskar yara, da tsaftar muhalli. Daga 2012 zuwa 2016 aka bi ƙasashe 29, har da arewacin Nijeriya, aka duba idanun mutum miliyan 2.6, ana shigar da sakamakon a wayoyin hannu. Gana ta kai ga gaci a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Binin da Mali a 2023.

Magani yana aiki, kuma duk wanda aka kawo wa ƙofar gida ya sha. Sai dai har yau babu rigakafin amosanin ido, kuma ƙwayar da ta shekara miliyan ɗaruruwa tana goge dabarar ɓuya ba za ta rasa inda za ta laɓe ba har masu rabon magani su wuce. Amma wannan dogon tarihi nata ya bar ta da rauni guda. Ta zubar da kayan zaman kanta, ba ta da wutsiyar iyo, ba ta daɗewa a waje. Duk ƙwarewarta daga bakin ƙofar ɗaki take farawa, sai an kai ta. Turai da Amurka sun rabu da cutar ne galibi saboda ruwan famfo da masai da raguwar cunkoso. Ƙudan da ke bin idon yara kuwa ya fi son yin ƙwai a kan bayan gidan mutum da aka bari a fili, ba ya hayayyafa a cikin masai mai rufi.

Shi ya sa shelar Oktoban 2022, wadda ta ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, take da nauyi a tarihin ido kamar yadda take da shi a tarihin tsafta. Shela kuwa ba ta gyara masan da damina ta rusa, ba ta tayar da famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace. Wannan aikin masu unguwanni ne da kansiloli da mu da ke da gidajen. Haka nan muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, kuma yawancin binciken da muka ambata a sama da kwamfuta aka yi shi, a kan kundayen gado da ke buɗe kyauta a intanet. Ɗalibin da ya iya nazarin halittu ya kuma iya rubuta manhaja zai iya tambayar wace irin Kilamidiya ce ta rage a ƙauyukanmu, wace irin bakteriya ce ke saiwar wakenmu.

Tsohuwar da gashinta ya riga ya juya, tiyata ce mafitarta, aikin da bai kai awa guda ba, kuma a gaggauta kai ta tun baƙin idon bai dushe ba. Jikarta mai shekara uku kuwa, abin da ke tsakaninta da allurar shekara miliyan 700 bai wuce butar ruwa da sabulu safe da yamma ba, da masai mai murfi a bayan gida.